BABI NA UKU: MATSOTSIN SHINKAFA DA MATSALAR BIJIRE WA MAGANI, DARASI GA MANOMAN FADAMUN DINGYAƊI

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi bayani a kan wani ƙaramin ƙwaro mai ruwan ƙasa wanda ya addabi gonakin shinkafa a nahiyar Asiya, da yadda ya riƙa shan ƙarfin irin shuka da magungunan da aka tanada domin shi. Masana kimiyya suna kiran sa Nilaparvata lugens. Domin sauƙin bayani, za a riƙa kiran sa matsotsin shinkafa, saboda tsotso ita ce hanyar cin abincinsa. Daga nan za a dubi alaƙar labarinsa da noman shinkafa a yankin Dingyaɗi da ke cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, da maƙwabciyarta Shagari, a Jihar Sakkwato. Manufar babin ita ce a nuna cewa yawan feshin magani ba bisa ƙa'ida ba shi ne ya mayar da wannan ƙwaro annoba, kuma hanyar da ta kai manoman Asiya ga wannan asara ita ce manoman fadama suka fara bi a yau.

3.1 Kamanni da Rayuwar Matsotsin Shinkafa

Matsotsin shinkafa bai wuce milimita 4 zuwa 5 a tsawo ba, wato bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ɗaya ba. Yakan zauna ne a gindin shuka, dab da saman ruwa, inda yake da sanyi da laima. Bakinsa kamar allura yake, da shi yake huda kara ya tsotse ruwan abincin da ganye ya sarrafa. Idan ƙwarin suka yi yawa a wuri ɗaya, sai ganyen ya yi rawaya, daga baya ya bushe ƙurmus. Ɓarnar takan fara ne a zagaye a tsakiyar gona, ta riƙa faɗaɗa, har wanda ya hango ya yi zaton gobara ce ta ci wurin. Bugu da ƙari, ƙwaron yana yaɗa cututtuka guda biyu masu tsumburar da shinkafa su hana ta fitar da zangarniya mai kyau.

Macen takan tsaga kuben ganye ta zuba ƙwanta a ciki, kuma guda ɗaya tana iya yin ɗaruruwan ƙwai. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kimanin mako guda, ɗan ƙwaron kuma ya yi saɓa sau biyar kafin ya balaga. Daga ƙwai zuwa ƙwai bai fi wata guda ba a lokacin zafi. Ke nan kafin shuka ɗaya ta nuna, an yi zuriya uku ko fiye. Haka kuma balagaggun sun kasu gida biyu. Akwai masu gajeren fiffike, waɗanda aikinsu zama wuri ɗaya da yawan haihuwa. Akwai kuma masu dogon fiffike, waɗanda iska kan kwasa ta kai nesa. Kowace shekara irin waɗannan sukan taso daga arewacin Biyatnam da kudancin Sin su ƙetare teku su sauka a Japan da Koriya.

3.2 Yadda Ƙwaron Ya Zama Annoba

Kafin shekarun 1960, manoman ƙasashe masu zafi na Asiya ba su ɗauki matsotsi a bakin komai ba. Yana nan a gonaki, amma abokan gabarsa sun hana shi sakat. Daga cikinsu akwai gizo-gizo iri-iri, da wasu ƙananan ƙwari masu shanye ƙwansa, da wasu ƙananan zanzaro masu zuba nasu ƙwan a cikin nasa, da kwaɗi.

Al'amura sun sauya bayan da Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya, wato IRRI, wadda aka kafa a Filifins a 1960, ta fitar da irin IR8 a 1966. Wannan iri ya ba da yabanya mai yawa, amma ya zo da sababbin al'adun noma guda huɗu. Na farko, an shuka iri ɗaya tak a faɗin ƙasa mai yawa. Na biyu, ban-ruwa ya sa ana noma sau biyu ko uku a shekara, saboda haka ƙwaron bai ƙara rasa abinci ba. Na uku, an yawaita takin zamani mai sa ganye kore shar, shuka mai taushi da ruwa kuwa ita ce matsotsi ya fi haihuwa a kai. Na huɗu, gwamnatoci sun sauƙaƙa farashin maganin ƙwari, aka koya wa manomi ya riƙa feshi bisa lissafin kwanaki, ko ya ga ƙwaro ko bai gani ba.

Wannan na huɗun shi ya fi muni. Dalili kuwa shi ne, maganin yakan kashe gizo-gizo da sauran abokan gaba da ke yawo a fili, amma ba ya isa ga ƙwan matsotsi da ke ɓoye cikin kube. Haka nan feshin yakan tsaya a saman ganye, alhali ƙwaron yana can gindi. Bayan mako ɗaya sai ƙwan ya ƙyanƙyashe a gonar da babu mai cin sa. Ban da haka, bincike ya nuna cewa wasu magungunan, idan ƙarfinsu bai kai na kisa ba, ƙara wa macen yawan ƙwai suke yi. A ƙasar Indonisiya, a daminar 1976 zuwa 1977, an yi asarar shinkafa fiye da tan 300,000 a dalilin wannan ƙwaro. Hausawa na cewa, garin neman ƙiba an samo rama.

3.3 Hanyoyin Bijirewa

Bijirewa a nan tana nufin ƙwaro ya daina jin abin da a da yake kashe shi ko yake hana shi ci. Ta kasu kashi biyu kamar haka:

3.3.1 Bijire wa Iri Mai Juriya

Wasu nau'o'in shinkafa suna da wata ƙwayar gado da ke sa matsotsi ya kasa tsotsonsu yadda ya kamata. A 1973 cibiyar IRRI ta fitar da IR26 mai ɗauke da irin wannan ƙwayar gado. Manoma suka rungume shi, amma cikin shekara biyu zuwa uku sai aka sami zuriyar matsotsi da ke cin sa ba tare da wata matsala ba. A 1976 aka fitar da IR36 mai wata ƙwayar gado daban. Shi ya ɗan daɗe, amma a farkon shekarun 1980 aka fara samun ƙwarin da suka sha ƙarfinsa a wasu yankuna. Abin lura a nan shi ne, juriyar iri ta fi saurin karyewa a wuraren da feshi ya yi yawa, domin ƙwarin da suka iya cin sabon irin ba su da mai rage yawansu.

3.3.2 Bijire wa Maganin Feshi

Ƙwari ba su zama ɗaya ba wajen jin magani. Alal misali, a ɗauka gona tana da matsotsi 1,000, aka yi feshi 990 suka mutu. Goman da suka rage su ne waɗanda jikinsu ya fi iya narkar da gubar. Su ne za su haihu, kuma 'ya'yansu za su gaji wannan hali. Idan aka maimaita magani ɗaya a kan jikoki da tattaɓa-kunne, kafin shekaru kaɗan mafi yawan ƙwarin gonar zuriyar waɗancan goma ne. Manomi kuwa sai ya ƙara yawan murfin da yake zubawa a injin feshi, yana zargin cewa jabun magani aka sayar masa. Haka ta faru da maganin imidacloprid, wanda aka fara amfani da shi a shekarun 1990 yana aiki sosai. Zuwa 2005 matsotsi ya daina jin sa a Sin da Biyatnam, aka sake yin mummunar ɓarna. Ƙasar Tailan ma ta sha irin wannan a 2009 da 2010.

3.4 Matakan da Aka Ɗauka a Asiya

Indonisiya ta kai ga ciyar da kanta da shinkafa a 1984, amma bayan shekara biyu matsotsi ya sake ɓarkewa a tsibirin Java. A watan Nuwamba na 1986 Shugaba Suharto ya sa hannu a kan dokar da ta haramta amfani da magunguna 57 a gonakin shinkafa. Zuwa 1989 an janye rangwamen da gwamnati ke yi a kan maganin ƙwari. A wannan shekara kuma aka fara makarantun manoma a cikin gona, da taimakon Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A irin wannan makaranta, manoma kimanin 25 sukan haɗu sau ɗaya a mako tun daga dashe har girbi. Sukan shiga gona su ƙirga ƙwari, su bambance mai ɓarna da mai taimako, sannan su yanke shawara ko akwai buƙatar feshi. Amfani da magani ya ragu, noman shinkafa kuma bai faɗi ba.

A Biyatnam, a 1994, an yi gangami a lardin Long An ana kira ga manoma da kada su yi feshi a cikin kwana 40 na farko bayan shuka. Hujjar ita ce, shinkafa ƙarama tana iya maye gurbin ganyen da tsutsa ta ci, feshin farko kuwa abokan manomi kawai yake kashewa. Daga baya an gwada shuka tsirrai masu fure, ciki har da riɗi, a kan kunyoyin gona a Sin da Tailan da Biyatnam. Zumar furen tana ciyar da ƙananan zanzaron da ke lalata ƙwan matsotsi.

3.5 Alaƙar Al'amarin da Nijeriya

Nau'in matsotsin da ya addabi Asiya ba ya cikin manyan ƙwarin shinkafa a Nijeriya. Akwai danginsa a Afirka ta Yamma mai suna Nilaparvata maeander, amma ɓarnarsa kaɗan ce. Ƙwarin da suka fi damun manomi a nan su ne tsutsotsi masu huda kara, da tsuntsun jan-baki, da wani ƙwaro mai kama da sauro da masana ke kira Orseolia oryzivora. Tsutsar wannan sauron shinkafa takan shiga zuciyar shuka ta mayar da ita wani bututu kamar ganyen albasa, wanda ba ya taɓa yin zangarniya. Shi ma a da ba a damu da shi ba, sai a 1988 da ya ɓarke a yankin Abakaliki, wanda yanzu yake cikin Jihar Ebonyi, ya lalata kimanin hekta 50,000. Irin da aka fitar a 1998 domin jure masa, wato FARO 51, asalinsa daga Indonisiya ne, inda ake kiran sa Cisadane. Shi ma wannan sauro yana da ƙananan zanzaro iri biyu da ke kashe tsutsarsa, kuma feshin ganganci yana hallaka su.

Wani misali na kusa shi ne tsutsar tumatir mai suna Tuta absoluta, wadda ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina a 2016, har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta. Manoma sun yi ta feshi da magungunan da suka saba, tsutsar ba ta ji ba.

3.6 Darasi ga Manoman Dingyaɗi

Yankin Dingyaɗi yana da gajeriyar damina, daga Yuni zuwa Satumba, kuma gero da dawa da wake su ne abincin tudu. Shinkafa a fadama take. A da, dogon rani yakan yanke wa ƙwari abinci na watanni da yawa, wanda hakan kariya ce da manomi ba ya biyan ko kwabo a kanta. Amma tun daga Shirin Fadama na farko da Bankin Duniya ya tallafa a shekarun 1990, wanda ya yaɗa ƙananan rijiyoyi da injinan ban-ruwa, noman rani ya bunƙasa a Jihar Sakkwato. Shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kabi a watan Nuwamba na 2015 ya ƙara jawo mutane ga noman shinkafa. Iri ɗaya, wato FARO 44, ya mamaye gonaki da yawa a Arewa, takin yuriya ya zama dole, maganin ƙwari kuma ana sayar da shi a kasuwannin ƙauye ba tare da mai bayani ba. Waɗannan su ne abubuwa huɗun da aka lissafa a 3.2.

Saboda haka ya kamata manomi ya kula da waɗannan abubuwa:

i. Ya shiga gona aƙalla sau ɗaya a mako, ya buɗe gindin shuka ya duba kafin ya yanke shawarar feshi.

ii. Ya guji feshin maganin ƙwari a makonnin farko bayan dashe, sai fa idan malamin gona ya ga ɓarnar ta kai.

iii. Idan feshi ya zama dole, ya bi ma'aunin da aka rubuta, kuma kada ya maimaita sinadari ɗaya a jere. Sauya sunan kwalba ba ya wadatarwa, domin kamfanoni da yawa sinadari ɗaya suke sayarwa da sunaye daban-daban.

iv. Ya raba takin yuriya kashi biyu ko uku maimakon zuba shi gaba ɗaya.

v. Manoman fadama ɗaya su yi dashe a lokaci guda, su bar tazara tsakanin girbin rani da shukar damina, su kuma kawar da toho da shinkafar daji inda sauron shinkafa ke fakewa.

vi. A riƙa sauya iri, tare da neman shawarar malaman gona da Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja.

Mafi yawan waɗannan matakai ba su yiwuwa ga mutum ɗaya. Idan maƙwabci ya kashe gizo-gizon gonarsa, ƙwarin da suka hayayyafa a can ba su san iyakar gona ba. A nan ne ƙungiyoyin manoma da sarakunan noma da masu unguwanni suke da rawar takawa.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin kamanni da rayuwar matsotsin shinkafa, da dalilan da suka mayar da shi annoba a Asiya, da hanyoyi biyu da yake bi wajen bijire wa iri da magani. An kuma kawo matakan da Indonisiya da Biyatnam suka ɗauka, da misalan sauron shinkafa na 1988 da tsutsar tumatir ta 2016 a Nijeriya. An ga cewa ƙaramin ƙwaro yakan zama babba ne idan aka kashe abokan gabarsa aka kuma wadata shi da abinci rani da damina. Manomin Dingyaɗi da ya ci bashin iri da taki da man inji ba zai iya ɗaukar asarar kaka guda ba. Hausawa na cewa, idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Babi na gaba zai dubi hanyoyin gargajiya da manoman yankin suke bi wajen kare amfanin gona daga ƙwari da tsuntsaye.