Ɗaga Dambel: Ƙirji Ake Nema, Kada Kafaɗa Ta Biya Kuɗin

A unguwanninmu ba wuya ka tarar da samari da sassafe sun kewaye gwangwanayen da aka ɗura wa siminti aka soka musu sandar ƙarfe. Burin kowa ƙirji ya buɗe. Abin da ke damuna shi ne nauyi kawai ake gasa a kansa, ba a kula da yadda ake ɗagawa, kuma kafaɗa ce ke kwana a ciki.

Babbar tsokar ƙirji shimfiɗe take kamar mafici. Faffaɗan bakinta ya kama ƙashin wuya da ƙashin tsakiyar ƙirji, sannan ta tsuke ta ɗaure a saman ƙashin damtse. Aikinta janyo hannu gaba da tsakiya. A nan dambel, wato gajeren ƙarfen da kowane hannu ke riƙe nasa, ya fi doguwar sanda, domin hannun da ya fi ƙarfi ba shi da damar ɗauke wa ɗan'uwansa kaya.

Kwanta rigingine a benci, tafin ƙafa a dafe da ƙasa. Ja allunan kafaɗa baya ka matse su, ka bar su haka har ka gama. Sai gwiwar hannu, inda yawanci ake yin ɓarnar: kada ta baje ta yi layi ɗaya da kafaɗa, a sauko da ita wajen digiri 45 daga haƙarƙari. Baje ta na takura jijiyoyin tsokoki huɗun da ke riƙe gaɓar kafaɗa, ciwonsu kuwa kan ɗauki watanni. Sauke ƙarfen sannu kana shaƙar iska, ka tura shi sama kana fitar da ita, wuyan hannu a miƙe. Riƙe numfashi na sa jini ya hau nan take. Wanda ba shi da benci ya kwanta kan tabarma. Ƙasa ma za ta hana gwiwar hannu zarcewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci manya su ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Zaɓi nauyin da za ka ɗaga sau 8 zuwa 12 ba tare da ka gantsare ba, ka yi zagaye 3, ka bar ƙirjin ya huta awa 48.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya taɓa ƙarfe. Kai kuma da ka ji kafaɗa ta soke ka, ajiye dambel ɗin nan take.