Buntun shinkafa: shara a bakin inji, kariya a lambu

A Tamale da Nyankpala, arewacin Ghana, buntun shinkafa kan taru tsibi-tsibi a bakin injinan casa, wani ma ƙone shi ake yi. Alhali kuwa masu lambun tumatir, barkono da latas suna asarar shuka saboda fangas, ƙwayar cutar da ke ruɓar da saiwa da gindin tsiro idan ƙasa ta riƙe ruwa.

Buntu yana taimakawa ta hanya biyu. Yana sassauta ƙasa, ruwa ya riƙa tsanewa, iska ta kai ga saiwa. Sannan kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa sinadarin silika ne, wanda ke ƙarfafa jikin tsiro har cuta ta sha wuyar huda shi.

Masu binciken shirin UrbanFoodPlus sun gwada gawayin buntu a ƙasar lambun Tamale. Manomi ma zai iya: a babbaka shi har ya yi baƙi, kada ya zama toka, a cakuɗa da takin dabbobi kafin dashe. Ɗanyen buntu yana janye sinadarin naitirojin daga ƙasa, ganye ya yi rawaya.

Rigakafi ne, ba magani ba. Tsiron da ya kamu, a tuge shi a ƙone.