Zarto Mai Inji da Lafiyar Bishiya: Abin Dubawa Kafin a Zaɓa

Duk wanda ya ratsa unguwar Nassarawa GRA ta Kano da tsakar rana a watan Afrilu, ya san bambancin da ke tsakaninta da sauran unguwannin birni. Da zarar mutum ya shiga ƙarƙashin manyan itatuwan maɗaci da darbejiya da mangwaro da ke gefen titunanta, sai ya ji zafin ya ragu. Dalili kuwa biyu ne. Na farko, ganye yana tare hasken rana. Na biyu, bishiya tana zuƙo ruwa daga ƙasa ta fitar da shi ta ƙananan ƙofofin ganyenta, tururin nan kuwa yana tafiya da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsatstsafo.

Da yawa daga cikin waɗannan itatuwa sun manyanta, domin tun zamanin Turawan mulki aka fara dasa su. Ita darbejiya ma baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, an shigo da ita lardin Barno a 1928, daga baya ta bazu Arewa. Tsohuwar bishiya kuwa tana bukatar kulawa. Rassanta sukan bushe, ko su hau kan wayar lantarki, ko su rataya bisa rufin gida, sa'an nan iskar farkon damina ta karyo su. Saboda haka rage rassa wajibi ne. A da, da gatari da adda da barandami ake yin wannan aiki. A yau zarto mai inji ya karɓe shi, yana gama aikin yini cikin sa'a guda. Sai dai saurin nan shi ne kuma haɗarinsa. Shi ya sa a 2025 Gwamnatin Jihar Kano, ta hannun ma'aikatarta ta muhalli, ta hana amfani da shi ba tare da lasisi ba, ta kuma wajabta neman izini kafin a sare bishiya ko a datse ta.

Asalin Zarto Mai Inji

Abin mamaki, ba a daji aka fara tunanin wannan na'ura ba, a ɗakin tiyata ne. A 1830 wani likita Bajamushe, Bernhard Heine, ya ƙera 'yar sarƙa mai haƙora da ake juyawa da hannu don yankan ƙashi. Sai a 1926 Andreas Stihl ya ƙera na yankan itace mai aiki da lantarki a Jamus, a 1927 kuma Emil Lerp ya fito da mai aiki da fetur da sunan Dolmar. Na farkon nan sai mutum biyu ke iya ɗaukar su.

Ɗaliban ilmin halitta za su so labarin sarƙar da ake amfani da ita a yau. A 1946 wani mai saran itace a Amurka, Joseph Buford Cox, ya tsaya yana kallon tsutsar wani ƙwaro tana cin kututture. Ya lura muƙamuƙanta lanƙwasassu ne, tana yanka da na dama sa'an nan da na hagu, bi da bi. Ya kwaikwayi wannan tsari a ƙarfe, a 1947 ya kafa kamfanin da aka sani da Oregon. Duk wanda ya duba sarƙar zarto da kyau zai ga haƙori ɗaya ya kalli dama, na bayansa ya kalli hagu. Wannan darasi ne daga tsutsa.

Dalilin Neman Mara Nauyi

Zarton da aka fi gani a hannun masu yankan katako a Afirka ta Yamma shi ne babba, irin Stihl 070, wanda nauyinsa ya haura kilo 10 tun kafin a ɗaura masa sarƙa a zuba masa mai. An yi shi ne don kayar da manyan itatuwa da tsaga gungume a ƙasa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne hawa bishiya da shi don rage rassa.

A nan sai mu tuna da darasin kimiyyar lissafin ƙarfi. Wahalar da kafaɗa ke sha ba ta tsaya ga nauyin kaya kawai ba, har da nisansa daga jiki. Ɗalibi ya gwada riƙe bokitin ruwa a jikinsa, sa'an nan ya miƙa hannu da shi, zai ji bambanci nan take. Mai aiki a saman bishiya kullum hannunsa a miƙe yake, ƙafarsa kuma ba a kan ƙasa take ba. Idan zarto ya yi nauyi, tsokar hannu takan gaji da wuri, gajiyayyen hannu kuwa ba ya yanka daidai, ba ya kuma iya tare zarto idan ya ƙwace.

Zarton aikin bishiya iri biyu ne. Akwai mai mariƙi a baya, wanda ake aiki da shi a ƙasa. Akwai kuma mai mariƙi a sama, gajere, wanda aka yi musamman don ƙwararren da ya koyi hawa da igiya. Wannan na biyun bai dace da ɗan koyo ba, domin hannuwan biyu suna kusa da juna, sarrafa shi ya fi wuya.

Ga misalai don kwatance. Girman inji ana auna shi da sisi, wato yawan abin da cikin silinda ke iya ɗauka. Echo CS-2511T na ƙasar Japan yana da sisi 25, nauyinsa kilo 2.3. Stihl MS 201 T na Jamus yana da sisi 35, nauyinsa kilo 3.7. Husqvarna T540 XP na ƙasar Suwidin yana da kusan sisi 38, nauyinsa bai kai kilo 4 ba. Dukkansu masu mariƙi a sama ne. Na aikin ƙasa kuwa, matsakaici irin Stihl MS 261 yana da sisi 50, nauyinsa kusan kilo 5. Waɗannan alƙaluma na injin ne tsura, ban da mai da sarƙa.

Abubuwa Biyar na Dubawa

Tambayar da aka fi yi ita ce, wane kamfani ya fi? Amsar gaskiya ita ce waɗannan kamfanoni uku duk sun daɗe suna ƙera kaya masu inganci. Abin da zai raba gardama a Kano shi ne waɗannan:

Na ɗaya, kayan gyara. Kafin mutum ya biya kuɗi, ya zagaya Sabon Gari da Ƙofar Ruwa ya tambayi sarƙa da fulogi da kafireta da matatar iska na irin wanda yake so, ya kuma tabbatar akwai makanikin da ya san shi. Zarton da ba a samun kayansa, ranar da ya tsaya ya zama ƙarfen banza. Alal misali, kamfanin Makita, wanda ya sayi Dolmar a 1991, ya daina ƙera injuna masu fetur a 2022, ya koma ga masu batir. Mai sayen tsohon irinsa sai ya yi la'akari da wannan.

Na biyu, birkin sarƙa. Sarƙa tana gudun kimanin mita 20 a daƙiƙa. Idan saman ƙarshen harshen zarto, wato ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kansa, ya taɓi itace, zarton yakan yi tsalle ya nufo fuskar mai riƙe da shi kafin ƙiftawar ido. Birki shi ke tsayar da sarƙa a wannan lokaci. Zarton da birkinsa ba ya aiki, ko kyauta aka ba ka, ka bar shi.

Na uku, tsawon harshe. Don rage rassa, santimita 30 zuwa 35 ya wadatar. Dogon harshe a kan ƙaramin inji yana ƙara nauyi, yana rage ƙarfi, yana kuma ƙara haɗarin tsalle.

Na huɗu, ƙura. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, rairayin da ke maƙalewa a ɓawon itace kuma yana dakusar da haƙora. A zaɓi wanda ake iya buɗe matatarsa cikin sauƙi, a kuma riƙa yawo da magagari don wasa sarƙa. Kaifaffiyar sarƙa tana fitar da ɓarɓashi manya, dakusassa kuwa gari take fitarwa.

Na biyar, jabu. Akwai zartuna masu launi da suna irin na manyan kamfanoni, alhali ba nasu ba ne. A duba lambar inji da takardun da ke tare da shi, a saya wurin dila amintacce. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Injin zarto mai bugu biyu ne, irin na ƙaramin janareta, don haka ana gauraya masa fetur da man inji na musamman. Ma'aunin da manyan kamfanoni suka bayar shi ne kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 na mai a lita 5 ta fetur. Akwai kuma masu batir, waɗanda ba su da hayaƙi, ƙararsu kuma kaɗan ce, sun dace da aiki kusa da asibiti ko makaranta. Sai dai batirin ba ya son zafi, ba a barinsa a rana, kuma sai da tabbacin wutar caji.

Yadda Bishiya Ke Ɗaukar Rauni

Zarto mai kyau a hannun wanda bai san bishiya ba, ɓarna ce mai sauri. A ƙarƙashin ɓawo akwai wani siririn shimfiɗi na rayayyun ƙwayoyin halitta da ake kira kambiyom. Daga gare shi bishiya ke yin kauri. Ta wajensa akwai hanyoyin da ke sauko da abinci daga ganye, ta cikinsa kuma hanyoyin da ke hawa da ruwa daga saiwa. Idan aka yanke ɓawo aka zagaye gangar jiki, abinci ba zai kai ga saiwa ba, bishiyar za ta mutu a tsaye. Wannan ne ke kashe maɗacin da masu neman magani suka kwashe wa ɓawo ta kowane gefe.

Jikin mutum yana maye gurbin naman da ya lalace. Bishiya ba ta yin haka. Masanin nan na Amurka, Alex Shigo, ya nuna a shekarun 1970 cewa killace rauni take yi: tana toshe hanyoyin da ke kewaye da shi da sinadarai, sa'an nan sabon itace ya rufe shi a hankali daga gefe. Wannan kariya ta fi ƙarfi a ɗan kumburin nan da ke gindin kowane reshe, wanda za mu kira wuyan reshe. Idan aka yanka dab da gangar jiki aka tafi da wuyan, an buɗe wa fumfuna da gara ƙofa. Idan kuma aka bar dogon guntu, ruɓewa zai yi ya kai cutar ciki. Na taɓa bin wani maɗaci a unguwar da aka datse wa kai gaba ɗaya. Ya yi tofo mai yawa, mai gida ya yi murna. Bayan 'yan shekaru saman gangar ya zama kogo, sababbin rassan kuma, da yake a ɓawo kawai suke maƙale, iska ta riƙa fizge su.

Nauyin reshe ma abin lissafi ne. Ɗanyen reshen maɗaci mai kaurin santimita 30 da tsawon mita 2 ya haura kilo 100, wato ya fi buhun masara. Idan aka yanke shi daga sama kai tsaye, zai karye kafin a gama, ya saɓule ɓawon gangar jiki. Saboda haka yanka uku ake yi. Na farko daga ƙasa, kamar taƙi biyu daga gangar jiki, zurfin sulusin kaurin reshe. Na biyu daga sama, gaba kaɗan da na farko, har reshe ya faɗi. Na uku a cire guntun da ya rage, dab da wuyan reshe ba tare da an taɓa shi ba. Ba a shafa wa wurin fenti ko baƙin mai, kuma ba a cire fiye da rubu'in ganyen bishiya a shekara guda, domin ganye ne madafarta.

Lafiyar Mai Aiki

Ƙarar zarto mai fetur ta haura desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa idan aka daɗe ana ji. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne kuwa idan suka mutu ba sa dawowa. Girgizar inji ita ma, bayan shekaru, tana lalata jijiyoyin yatsu. Don haka abin toshe kunne, da hular kwano, da tabarau, da safar hannu, da takalmi mai ƙarfi, da wandon kariya, da igiyar ɗaure jiki, duk suna cikin kuɗin zarto. Ba a aiki mutum ɗaya, ba a tsayawa kan tsani da zarto a kunne, reshen da ya kusanci waya kuwa sai an sanar da KEDCO sun ɗauke wuta.

Kammalawa

Mai sana'ar bishiya yana bukatar zarto biyu: ƙarami mara nauyi don sama, da matsakaici don ƙasa, daga kamfanin da ake samun kayan gyaransa a gari. Mai gida kuma, kafin ya ba da aiki, ya nemi ganin lasisi da izini, ya tambayi mai aikin inda zai yanka da dalilinsa.

Ga malamai, akwai darasi kyauta a harabar kowace makaranta. A fita da ɗalibai su nemo tsofaffin wuraren da aka yanke rassa, su ware waɗanda suka rufe da waɗanda suka ruɓe, su duba ko an bar wuyan reshe ko an tafi da shi, su rubuta abin da suka gani. Maɗacin da ya yi shekara 70 yana girma, zarto zai iya kayar da shi kafin a gama darasi guda. Ɗalibin da ya fahimci wannan, in Allah ya so, ba zai bari a yi wa bishiyar gidansu yankan ganganci ba.