Sirrin dodon Alien: Isolation: wa ke nuna masa inda ɗan wasa ya ɓuya?

A farkon watan Satumbar 2021 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a faɗin jihar Zamfara. Na tsawon makonni, wayoyin samari a Anka da Gummi da Bukkuyum suka koma tocila da rediyo. PUBG da Free Fire da duk wani gem mai buƙatar intanet suka tsaya cak. Abin da ya rage shi ne wasannin da mutum ke karawa da na'ura, babu wani ɗan'adam a ɗaya ɓangaren. Irin waɗannan wasanni ne ke tayar da tsohuwar gardamar gidan gem: idan kwamfuta ta ci mutum, iyawa ce ko maguɗi?

Wasan da aka fi yi wa wannan zargi a duniyar wasannin ɓuya shi ne Alien: Isolation. Kamfanin Creative Assembly da ke Horsham a Ingila ne ya ƙera shi, Sega ta fitar da shi ranar 7 ga Oktoba, 2014. A Disambar 2021 kamfanin Feral Interactive ya kawo shi wayoyin Android da iPhone. Ɗan wasa yana riƙe da Amanda Ripley, injiniya mai neman labarin mahaifiyarta a wata lalatacciyar tashar sararin samaniya mai suna Sevastopol, shekara 15 bayan abin da ya faru a fim ɗin Alien na 1979. A tashar akwai dodo. Harsashi ba ya kashe shi, ba a tsere masa da gudu, kuma idan ya cafke mutum sau ɗaya, shi ke nan.

Ƙorafin masu wasa iri biyu ne. Wasu sun ce dodon yana ganin mutum ta cikin bango, domin duk inda aka nufa sai ya ɓullo. Wasu kuma sun rantse yana koyon halin mutum. Duka biyun sun kusa da gaskiya, amma babu wanda ya dace da ita.

Ƙwaƙwalwa biyu

Bayanan da masu shirya wasan suka yi, waɗanda masanin ƙirƙirarriyar basira Tommy Thompson ya warware dalla-dalla a tasharsa ta YouTube mai suna AI and Games, sun nuna cewa tsari biyu ne ke aiki tare. Na farko shi ne dodon kansa. Yana da ido da kunne, kuma da su kaɗai yake farauta. Bai san inda Amanda take ba sai ya gan ta ko ya ji motsinta. Na biyu shi ne wanda ake kira darakta. Ba a ganin sa a allo, amma a kowace daƙiƙa ya san inda ɗan wasa yake da inda dodo yake.

Darakta ba ya tona asiri kai tsaye. Abin da yake yi ya yi kama da babban yaya a wasan ɓuya na dandali, wanda ya ga inda ƙaramin yaro ya shige, amma maimakon ya kira sunan wurin, sai ya yi wa mai nema nuni da leɓe wajen zaure. Mai nema zai nufi zauren, sauran aikin kuwa nasa ne: ya leƙa bayan ƙofa, ya ɗaga tabarma, ko ya wuce bai lura ba. Haka darakta ke tura dodo sashen da mutum yake, ya bar shi ya yi bincike da kansa. Shi ya sa ake iya kwanciya ƙarƙashin tebur dodon ya gifta dab da ƙafar mutum bai gan shi ba, kuma shi ya sa duk nisan da aka yi ba a rabuwa da shi.

Aikin darakta na biyu ya fi ban sha'awa. Yana riƙe da wani ma'auni na matsin da ɗan wasa ke ciki. Idan dodo yana kusa, ko mutum yana hango shi, ma'aunin yana hawa. Da ya cika, sai darakta ya janye dodon ya tura shi cikin bututun iska da ke saman silin, domin ɗan wasa ya numfasa ya yi gaba. Wato lokacin da mutum ke jin cewa sa'a ce ta sa dodon ya haƙura, a mafi yawan lokuta sallamar sa aka yi. Masu shirya wasan sun gane cewa tsoron da bai da hutu yana komawa gajiya, mai gajiya kuwa kashe na'ura yake yi.

Wannan dabara ba su suka fara ta ba. A 2008 kamfanin Valve ya sa irin wannan darakta a Left 4 Dead, inda yake ƙara ko rage yawan abokan gaba gwargwadon wahalar da 'yan wasa ke sha. Ko a Pac-Man na 1980, fatalwowin nan huɗu sukan daina bin mutum na 'yan daƙiƙoƙi su koma kusurwoyinsu.

Koyon da ba koyo ba ne

Batun koyo shi ya fi ruɗar mutane, musamman yanzu da ake kiran kowace manhaja da sunan AI. Dodon Alien: Isolation ba irin ChatGPT ba ne, ba a horar da shi da tarin bayanai ba. Halayensa suna cikin wani jadawali mai rassa kamar bishiya, mai gaɓoɓi sama da 100, wanda mutane suka rubuta da hannu: idan ka ji ƙara yi kaza, idan ka ga haske yi kaza. A farkon wasa wasu rassan a kulle suke. Abin da ɗan wasa ke yawan yi ne ke buɗe su, wasu kuma suna buɗewa da kansu idan labari ya yi nisa.

Mai yawan shigewa loka zai tarar dodon ya fara tsayawa a gaban lokoki yana shinshina. A nan sai an ja baya an riƙe numfashi, ba kuma a daɗe ana riƙewa. Mai dogaro da bindigar feshin wuta zai ga dodon da ke arcewa da farko ya koma tsayawa daga nesa yana jira, mai kuwa yana ƙarewa. Babu sabon abin da dodon ya ƙirƙiro. Tun ranar da aka sauke wasan duk waɗannan halaye suna ciki, ɗan wasa ne ke miƙa masa makulli ɗaya bayan ɗaya. A gaskiya wannan ya fi koyo na haƙiƙa amfani ga wasa, domin dodon da zai yi ta ƙaruwa da wayo babu iyaka, wata rana babu mai iya wuce shi.

Kayan aikin da ke cin amana

Na'urar gano motsi da Amanda ke riƙewa tana nuna dodo a matsayin ɗigo, amma tana ƙara, kuma idan dodon yana kusa sosai yana jin ta. Da yawa sun mutu cikin loka suna kallon ɗigon yana matsowa, ba su san su ke kiran sa ba. Harbi ma kira ne, gudu kuma ya fi komai muni. Akwai kuma ɗan gajeren gani da aka ba shi ta bayansa, don kada a riƙa bin sa a ƙeya ana raina masa hankali.

Ramukan silin suna da alama: idan yawu na ɗiga daga rami, dodo na sama yana dako, sai a kewaye. Adana wasa ma tarko ne, domin sai an je wata na'ura a bango an zura kati an jira 'yan daƙiƙoƙi, kuma ana iya kashe mutum a tsaye a wurin. A PlayStation 4 da Xbox One har akwai zaɓin haɗa makirufon kyamara, ta yadda tari ko ihun mai kallo a ɗaki zai kai kunnen dodo. A gidan gem mai yara goma a bayan kujera, wannan zaɓi kashe kai ne.

Dokokin suna yi wa ɗan wasa aiki shi ma. Dodon ba ya kula mutum-mutumin tashar, waɗanda ake kira Working Joe, amma yana kashe mutane. Wanda ya jefa na'urar yin ƙara tsakanin 'yan bindigar da suka tare hanya, dodo zai sauko ya share masa ita.

To ina maguɗin? Akwai shi, ɗan kaɗan. 'Yan wasa suna kiran alaƙar darakta da dodo igiya, domin dodon ba ya nisa da mutum ko da kuwa bai yi kuskuren komai ba, kuma a matakan wahala na sama igiyar tana gajarta. Har wasu masu gyaran gem a kwamfuta suka fitar da gyare-gyaren da ke sassauta ta. Shafin IGN ya ba wasan maki 5.9 cikin 10 lokacin fitowarsa, yana kukan tsawonsa da yawan mutuwar da mutum bai ga laifinsa ba. Kukan yana da tushe, musamman a ƙarshen wasan. Duk da haka wasan ya ci gaba da samun masoya, har a Oktobar 2024 daraktan aikin, Al Hope, ya sanar cewa an fara shirya na biyu.

Mai son gwadawa a waya ya fara duba wurin ajiya, domin wasan ya haura gigabait 10 kuma yana buƙatar waya mai ƙarfi. A Gummi ko Bukkuyum wannan kuɗin data ne ba kaɗan ba, ga batir da zai zuƙe. Iyafis kuwa dole ne: takun dodo a ƙasa daban yake da gurnaninsa cikin bututu, kuma kunne ya fi na'urar gano motsi aminci.

Wanda ke da kwamfuta ko PlayStation 4 zai iya haɗawa da Amnesia: The Bunker na kamfanin Frictional Games, wanda ya fito a 2023. A can dodon yana ƙin haske, hasken kuma daga janareto yake, wanda sai an yi ta yawon neman mai ana ɗura masa. Tocilar hannu sai an ja mata zare, ƙarar jan kuma tana jawo dabbar. Ɗan wasan Turai sai an koyar da shi lissafin man janareto kafin ya fita daga ɗaki. Ɗan Anka ya zo da nasa lissafin daga gida.