Rauni Ba Jini: Yadda Juyawar Kai Ke Illata Ƙwaƙwalwa



A yau za mu yi magana ne kan wani irin ƙarfi da ba a cika kula da shi ba, wato ƙarfin murɗawa da juyawa. Duk bakanike ya san shi a aikace. Farfelar mota, wannan doguwar sandar ƙarfe da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun baya, murɗa ta ake yi tun daga tashin mota har tsayawarta. A makarantun koyon injiniya, malamai kan nuna wa ɗalibai abin da murɗawa ke yi da sandar alli. Idan ka lanƙwasa alli, zai karye a miƙe. Idan kuwa ka riƙe bakinsa biyu ka murɗa, karayar za ta zagaye shi a karkace, kusan digiri 45, ta bar baki mai tsini.

Ƙashin ɗan Adam ma haka yake karyewa. Ƙashin ƙwauri yana iya ɗaukar nauyi mai yawa idan daga sama aka danna shi, amma ba ya jure murɗawa sosai. Ɗan ƙwallo ya kafa ƙafa a ƙasa, gangar jikinsa ta juya, ƙafar ba ta bi ba, sai ka ji ƙas. Idan aka ɗauki hoton ƙashin a asibiti, za a ga karayar ta nannaɗe shi. Da ganin wannan hoto likita ya san yadda abin ya faru ko da ba a faɗa masa ba. Shi ya sa idan aka kawo jaririn da bai fara tafiya ba da irin wannan karaya, likitoci kan tsaya su yi tambaya da kyau, domin akwai yiwuwar hannun wani babba ne ya murɗe shi.

To amma ƙashi yana ɗoruwa. Inda abin ya fi muni shi ne cikin kai.

Bari mu koma Ingila, watan Mayun 1935. T. E. Lawrence, sojan Birtaniya da ya yi suna a yaƙin ƙasashen Larabawa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana tafe a kan babur a yankin Dorset, sai ya kauce wa wasu yara biyu masu kekuna, babur ya watsar da shi. Babu hular kwano a kansa. Kwana shida ya yi a sume, sannan ya rasu yana da shekara 46. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, ɗan asalin Ostireliya, masanin tiyatar ƙwaƙwalwa. Abin ya tsaya wa Cairns a rai. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ya bi diddigin sojojin da ke kai saƙo a kan babur, ya ga yadda suke mutuwa saboda raunin kai. A 1941 ya wallafa bincikensa, kuma a shekarar rundunar sojan Birtaniya ta wajabta wa masu hawa babur ɗinta sa hular kwano.

A garin Oxford, inda Cairns ke aiki, akwai wani masanin kimiyyar fiziks mai suna Holbourn. Shi wata tambaya daban ya yi: me ya sa mutum zai sume, ko ma ya mutu, alhali ƙoƙon kansa ko tsagewa bai yi ba? Sai ya ƙera samfurin ƙwaƙwalwa da jelatin, wani abu mai laushi da ake samu daga dafaffen ƙashi da fata, ya sa shi cikin mazubi mai siffar ƙoƙon kai, ya riƙa fizgar sa yana juyawa, yana duba inda ya fi jin jiki. A 1943 ya bayyana abin da ya gano a mujallar likitoci ta Lancet. Ƙwaƙwalwa, in ji bayaninsa, da wuya take matsuwa, domin yawancinta ruwa ne. Amma sauya mata siffa abu ne mai sauƙin gaske. Saboda haka tura kai gaba a miƙe bai kai juya shi ba zato ba tsammani haɗari ba.

Mai sauraro, ɗauki ƙwaryar kindirmo da ya kwanta sosai. Tura ta gaba a kan tabarma, kindirmon zai tafi tare da ita. Amma ka kama bakin ƙwaryar ka juya ta da sauri: wanda ke jikin ƙwarya zai bi, na tsakiya ya yi jinkiri, tsakaninsu kuwa sai ya tsattsage. Abin da ke faruwa cikin kai ke nan, cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Me ke tsagewa? Ƙwaƙwalwa cike take da zaruruwan jijiyoyi, sirara fiye da gashi nesa ba kusa ba, waɗanda ke kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan. Idan aka miƙe su a hankali suna jurewa, idan aka fizge su sai su lalace. A 1956 wata likita a Oxford, Sabina Strich, ta duba ƙwaƙwalwar wasu mutane da suka yi watanni ba sa cikin hayyacinsu bayan haɗari har suka rasu, ta tarar da waɗannan zaruruwa sun lalace a wurare barkatai. A 1982 kuma, Thomas Gennarelli da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka nuna cewa fizgar kai kaɗai, ba tare da ya bugi komai ba, tana haddasa wannan rauni da doguwar suma, kuma fizga ta gefe, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ita ta fi illa. A kan birai suka yi gwajin, kuma azabar da dabbobin suka sha ta jawo ƙorafi mai ƙarfi har aka dakatar da aikin a 1985. Hakan ya dace, domin ilimi ba ya halatta zalunci.

Masu kallon dambe sun daɗe da ganin wannan da idonsu. Naushin da ya sauka a goshi, sau da yawa ɗan dambe kan shanye shi ya ci gaba. Wanda ke yin kisa shi ne wanda ya kama haɓa ko muƙamuƙi daga gefe, domin haɓa tana nesa da inda kai ke juyawa a kan wuya, bugu kaɗan a can sai ya wulwula kan gaba ɗaya. Wanda aka kayar haka, ko ya tashi yana murmushi, ƙwaƙwalwarsa ta ji jiki, kuma mayar da shi fage kafin ya warke ganganci ne.

Haka ma faɗuwa daga babur. Da wuya mutum ya faɗo tsaye kan tsakiyar kansa. A karkace kai ke dukan kwalta, jiki na tafiya gaba, kwalta ta riƙe gefe ɗaya, kai ya juya. Shekaru da dama ana gwada ingancin hular kwano ne ta hanyar sako ta a miƙe kan ƙarfe. A tsakiyar shekarun 1990 wani likitan ƙwaƙwalwa a Suwidin, Hans von Holst, ya haɗa kai da injiniya Peter Halldin, suka fito da wata dabara da ake kira MIPS: shimfiɗa mai santsi a cikin hular, wadda ke barin ta ta zame milimita 10 zuwa 15 a kan kai lokacin bugu, ta rage juyawar da za ta isa ƙwaƙwalwa. Sabon ma'aunin hulunan babur na Turai, ECE 22.06, ya shigar da gwajin bugu a karkace.

Kada wani ya ji wannan ya ce ashe hular da ake sayarwa a kasuwa ba ta da amfani. Nazarin da ya tattara bincike masu yawa ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69. A watan Janairun 2009, da aka fara tilasta sa ta a Najeriya, an ga 'yan acaɓa da suka kifa ƙwarya ko robar fenti a ka don kauce wa kamu. Talauci gaskiya ne, hula mai inganci tana da tsada. Sai dai ƙwarya ba ta da soson ciki mai shanye bugu. Kuma hular da ba a ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa ba, ita ce ke fara tashi kafin mai ita ya kai ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da muke yi bayan haɗari. Jama'a su taru, a duba kai, a ce Alhamdu lillahi, babu jini. Idan ya sume, a sheƙa masa ruwa, a ɗago shi zaune, a girgiza kafaɗunsa ana kiran sunansa. Niyyar alheri ce, amma wannan girgizar ƙarin rauni ce, musamman idan wuya ya taɓu. A riƙe kansa da wuyansa a miƙe da gangar jiki, kada a fizge hular daga kansa, a nemi masu agaji.

Wanda ya tashi da ƙafarsa ma kada a bar shi shi kaɗai a wannan rana. Juyawar kai tana iya tsinka ƙananan jijiyoyin jini da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da rufinta, jini ya riƙa taruwa sannu a hankali. A jikin tsofaffi alamar kan ɗauki makonni kafin ta fito, har a manta da faɗuwar, a ce tsufa ne ko sammu. Idan aka ga amai a kai a kai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar, ko ruɗewar magana, ko jijjiga, ko hannu da ƙafa na gefe ɗaya sun mutu, to asibiti nan take, ba sai gari ya waye ba.

Sai ku iyaye mata da masu raino. Kan jariri yana da nauyi, wuyansa kuwa bai yi ƙwari ba. Girgiza shi da ƙarfi don ya yi shiru tana iya jawo makanta, ko nakasa ta har abada, ko mutuwa, kuma sau da yawa ba za a ga ko ƙwarzane a jikinsa ba. Idan kuka ya kai ki maƙura, kwantar da shi a wuri mai aminci, ki kira wani ya karɓe ki.

A nan za mu dakata.