Mallakar ƙaramar bindiga: Abin da doka ta tanada ga mai neman ta farko a Kaduna

Tun bayan harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris, 2022, zancen mallakar bindiga ya daina zama abin raɗa. Daga rumfunan Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi zuwa majalisun dare na Unguwar Rimi da Malali da Kawo, akan ji ɗan kasuwa ko ma'aikaci yana tambayar wace irin ƙaramar bindiga ce ta dace da wanda bai taɓa riƙe makami ba. Bidiyoyin da ake kallo a intanet suna ƙara wa tambayar armashi, sai dai yawancinsu daga Amurka suke, inda gyara na biyu na tsarin mulki, na shekarar 1791, ya bai wa jama'a 'yancin riƙe makami. Nijeriya ba ta da irin wannan tanadi.

Dokar Makamai ta 1959 ita ce har yanzu ake aiki da ita, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Rukunin farko shi ne na haramtattun makamai, kuma a nan ne abin yake bai wa mutane mamaki: fistol da libarba suna jeri ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta, da gurneti, da roka. Shugaban Ƙasa ne kaɗai yake da ikon bayar da lasisinsu. Dalilin a fili yake, domin makamin da ke ɓuya cikin aljihun babbar riga ya fi doguwar bindigar farauta sauƙin shiga kasuwa ko wurin biki ba a sani ba. Wanda aka kama da ita babu lasisi, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko da bai taɓa harba ta ba.

Rukuni na biyu ya ƙunshi bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, da bindigar iska, kuma Sufeto Janar na 'Yan Sanda ne ke bayar da lasisinsu. Bindigar nan da ake zuge hannunta ta ɗura harsashi, wadda 'yan banga suka yi sabo da ita, doka ba ta sa ta cikin wannan rukuni ba, shi ya sa ta shiga cikin makaman da rundunar ta umarci a miƙa a 2018. Na uku kuwa bindigar toka ce ta maharba, wadda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Ko a inda ƙofa take buɗe, lasisi ba haƙƙi ba ne da za a nema dole. Ba a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata. A watan Agustan 2023 kuma, Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya bayyana cewa an dakatar da bayar da sababbin lasisi.

Kiran da wasu gwamnoni suka yi na a tashi a kare kai bai sauya ko harafi ɗaya na dokar ba. Lokacin da Bello Matawalle ya buƙaci mutanen Zamfara su nemi lasisi a watan Yunin 2022, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Harkar makamai ta Gwamnatin Tarayya ce, kuma alƙali dokar zai duba, ba jawabin gwamna ba.

Tarkon da ya fi kama mutanen kirki shi ne na dillalin da zai ce yana da hanya, ya karɓi kuɗi, ya kawo bindiga haɗe da takarda mai hatimi. Takardar ba ta kare kowa, kuma mai saye bai san a wane fashi aka yi amfani da bindigar kafin ta iso hannunsa ba. Haka ma bindigar gado: lasisin da ke ɗauke da sunan mamaci ba ya komawa kan magada kamar gida ko shago, don haka iyalan da suka tsinci irinta cikin kayan mahaifinsu su kai ta ofishin 'yan sanda, su karɓi shaidar miƙawa a rubuce.