Garin Amino Asid ko Jinya Mai Bin Sannu: Wanne Ya Fi wa Tsohon Soja?

A ranar 8 ga Janairu 2020 makamai masu linzami na Iran suka faɗa kan sansanin Ain al-Asad da ke Iraƙi. Babu sojan Amurka ko ɗaya da ya mutu, amma kafin a yi nisa likitoci suka tabbatar cewa fiye da 100 daga cikinsu ƙwaƙwalwarsu ta girgiza. Irin wannan rauni ba ya zubar da jini, sau da yawa ma hoton asibiti ba ya nuna shi. Tun daga shekarar 2000 ma'aikatar tsaron Amurka ta ƙirga fiye da 450,000 na raunukan ƙwaƙwalwa a tsakanin sojojinta, kuma sama da kashi 80 cikin ɗari ƙananan raunuka ne. Akasarin masu shi kan warware cikin kwanaki ko makonni. Saura kuwa sukan ajiye kaki su koma gida da ciwon kai, mantuwa, saurin fushi da rashin barci, wasu har shekaru. Saboda su ne ake auna hanyoyi biyu: garin amino asid da ake damawa a sha, da kuma jinyar da aka saba, mai bin mataki mataki.

Garin yana da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. Amino asid su ne ƙananan sinadaran da ke haɗuwa su zama furotin. Uku daga ciki, lusin da aisolusin da balin, jiki ba ya iya ƙera su, sai an ci su a nama, ƙwai, madara, kifi ko wake. Ƙwaƙwalwa na amfani da su wajen samar da sinadarai biyu da jijiyoyinta ke aika saƙo da su, ɗaya mai zaburarwa, ɗaya mai kwantarwa. A shekarar 2010 Akiva Cohen da abokan aikinsa a asibitin yara na Filadelfiya suka nuna cewa bayan an yi wa ɓeraye rauni a ka, waɗannan sinadarai uku sun ragu a sashen ƙwaƙwalwar da ke riƙe tunawa, da aka zuba musu su a ruwan sha kuma sai tunawarsu ta gyaru. A 2013 Miranda Lim ta gano cewa wannan abin sha ya taimaka wa ɓerayen da raunin ya hana su zama a farke yadda ya kamata, ta hanyar farfaɗo da jijiyoyin da ke tsare mutum daga gyangyaɗi.

Daga ɓera aka koma kan mutum. A asibitin tsoffin sojoji na Portland an ba wasu masu tsohon rauni giram 30 sau biyu a rana har kwana 21, aka ba wasu wani gari mai kama da shi wanda ba shi ba ne, ba tare da kowa ya san abin da yake sha ba. Rahoton da ya fito a 2022 ya nuna alamun sauƙi a barcin masu shan na gaskiyar. Amma mutanen ba su kai hamsin ba, kuma masu binciken da kansu gwajin share fage suka kira shi. Haka ma wani gwaji a kan matasa a Filadelfiya, wanda aka wallafa a 2024: waɗanda suka fi shan garin sun fi samun sauƙin alamomi, sai dai babban abin da aka tashi aunawa, wato saurin tunani, bai nuna bambanci ba. A lura da yawan abin kuma. Giram 60 a rana ya kai abin da mutum zai samu a fiye da kilo guda na nama, don haka magani ne sosai, ya wuce a kira shi ƙarin abinci. Mai ciwon gadon da ke hana jiki narkar da waɗannan sinadarai uku bai kamata ya kusance shi ba.

Ita kuwa tsohuwar hanya ba ta da wani ƙyalƙyali. A huta kwana ɗaya ko biyu, sannan a fara motsa jiki da komawa aiki kaɗan kaɗan, gwargwadon abin da bai tayar da ciwon ba. Zaman ɗaki mai duhu na makonni, wanda a da ake ba da shawararsa, an bar shi. John Leddy na Buffalo ya gwada matasa 103 a 2019: masu motsa jiki daidai kima sun warke a kwana 13 a tsakatsaki, masu miƙe gaɓoɓi kawai a kwana 17. Ga wanda ciwonsa ya daɗe, sai a bi kowace alama a kan kanta. Ciwon kai da maganinsa, jiri da atisayen daidaita jiki, rashin barci da horon gyara ɗabi'ar kwanciya, toshewar numfashi cikin barci da na'urar hura iska.

Akwai abin da wannan hanya take gani wanda garin ba zai taɓa gani ba. A 2008 Charles Hoge ya binciki sojoji 2,525 da suka dawo daga Iraƙi. Cikin waɗanda suka suma a lokacin rauninsu, kusan kashi 44 cikin ɗari na fama da ciwon firgicin da ke biyo bayan tashin hankali. Da aka cire tasirin firgici da baƙin ciki daga lissafi, kusan duk sauran koke-koken lafiyarsu sai suka daina rataya a kan bugun kan, in ban da ciwon kai. Wato mutumin da ya kwana yana jin ƙarar bam a mafarki, ba ƙarancin lusin kaɗai ke hana shi barci ba. In aka miƙa masa gwangwanin gari aka sallame shi, an bar ainihin ciwon a inda yake, kamar mai shafa wa bango fenti alhali gara na cin sa ta ciki. Wannan ya shafi sojojinmu da ke taka bama-baman da ake binnewa a hanyoyin Borno da Yobe, domin iskar fashewa iri ɗaya ce ko'ina, firgicin ma haka.

Duk da haka ba zan raina masu neman garin ba. Gwajin Leddy a kan matasa ne masu sabon rauni, ba a kan wanda ya yi shekara goma da ciwon ba, kuma akwai tsoffin sojojin da suka bi duk matakan nan ba su sami sauƙi ba. Wanda ya gaji da dare marar barci yana da haƙƙin a nema masa sabuwar mafita, kuma binciken Lim da Cohen na cikin ƙoƙarin da ya cancanci kuɗi da goyon baya. Abin tsoron yana kasuwa. Dokar Amurka ta 1994 ba ta tilasta wa masu sayar da ƙarin abinci su tabbatar da amfaninsa kafin su kai shi kanti ba, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi cewa babu wani ƙarin abinci da aka tabbatar yana warkar da girgizar ƙwaƙwalwa.

A ma'aunin yau, jinya mai bin sannu ce ta rinjaya, da tazara mai yawa. Garin amino asid na jiran babban gwaji na ɗaruruwan mutane kafin a kira shi magani. Duk mai tsohon soja a gida da ya ga yana fama da mantuwa, fushi ko rashin barci, ya fara kai shi wurin likita a duba barcinsa da halin zuciyarsa, in ma za a gwada garin, to ya kasance da sanin likitan.